Bayan Najiba

"Ba da yawuna ba, Tasi'u. Na gaya maka jiya, yau ma ina sake gaya maka."

Hajiya Mairamu ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai daga waken da take tsincewa ba. Ɗanta yana durƙushe a bakin tabarma, hannayensa baƙi ƙirin da man inji, don daga shagonsa na gyaran motopom, injin ban ruwa, ya wuto gida ko wanka bai yi ba.

"Inna, ba ki taɓa ganinta ba fa."

"Mi zan gani? Duk Madawa an san zancen. Yarinya mai doro ka je ka jajibo a Tama. Matan garin nan sun ƙare ne? Ga Hindatu ɗiyar kawunka, tsaye kyam, lahiyarta lau, kullum in ta gaishe ni sai ta tambaye ka."

"Ba doro ba ne, Inna. Ƙashin bayanta ne ya ɗan karkace gefe. Malamar lakwal ce mai koyar da yara, da ƙafarta take zuwa aiki kullum, ita ke riƙe da tsohonta."

"An ce dangin uwarta 'yan bori ne, har kakarta ta mutu ba ta daina zuba wa iskoki hura gindin tsamiya ba. Ka san abin da ya hau bayan yarinyar? Kuma wadda ƙugunta ya murɗe, ta ina za ta haihu? So kake ka kai ta likita a yanka ta, a miƙo maka gawa?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Tun ranar da ya je gyaran injin ban ruwan Malam Tsoho a garkar albasa, ya ga 'yarsa Najiba ta kawo masa abinci, bai sake kallon wata mace ba. Ya yi lallashi, ya turo abokan mahaifinsa marigayi, duk a banza.

Ya ɗago ya ce, "Inna, ban taɓa ƙin maganarki ba. Abu guda nake roƙo. Ki tahi ki gan ta da idonki, ki tambaye ta duk abin da kike so. In kin dawo kin ce a'a, wallahi na bari, ko da zuciyata za ta fashe."

Ta ajiye tiren, ta dube shi. Hawaye ne a idon ƙaton namiji.

"Ka rantse?"

"Na rantse."

"To, za ni. Amma ka shirya wa amsata tun yanzu."

* * *

Ranar Lahadi da hantsi kabu-kabu ya sauke Hajiya Mairamu a ƙofar gidan Malam Tsoho. Ta taho da jikarta Ikram, 'yar shekara goma sha biyu, wadda take riƙo tun da uban yarinyar ya tafi biɗa Abijan.

Goggo Altine, ƙanwar Malam Tsoho, ita ta tare su. Ita ke kula da gidan tun rasuwar mahaifiyar Najiba. Ta shimfiɗa musu tabarma a ɗaki, ta kawo ruwa da hura, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Can sai aka yi sallama da wata murya mai sanyi.

Hajiya ta ɗago, ta ɗan yi turus. Ta zo da shirin ganin wata abar tausayi mai tafiya a duƙe. Wadda ta shigo doguwa ce, baƙa mai sheƙi, da manyan idanu masu kallon mutum kai tsaye. Sai an lura sosai ake ganin kafaɗarta ta dama ta ɗara ta hagu tsawo.

Najiba ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Inna? Kun zo lahiya? Ya gajiyar hanya?"

"Lahiya lau." Hajiya ta gyara zama. "Yarinya, ni ba na kwana-kwana. Na zo ne in ji mi ke damun bayanki."

Goggo Altine ta yi carab ta ce, "Ai Hajiya abin daga Allah ne, mun yi magani har mun gaji, shi ya sa mu ma muka ga gara ta zauna cikin dangi..."

"Goggo, bari in nuna mata," in ji Najiba a hankali.

Ta miƙe ta saki labulen ƙofa. Ta cire hijabi, ta ninke shi, ta zame rigarta zuwa ƙugu, ta juya musu baya. Ba ta yi sauri ba.

"Inna, bi tsakiyar bayana da ido, daga wuya zuwa ƙasa. Kin ga bai sauka sak ba? Ya kauce dama, sannan ya komo. Yanzu duba."

Ta haɗe ƙafafunta, ta sunkuya, hannayenta na lilo. Nan take haƙarƙarin dama ya taso sama kamar ƙaramin tudu, na hagu ya kwanta.

"Subhanallahi," in ji Hajiya. Sai idonta ya sauka kan wasu tabbai baƙaƙe da suka jeru gefen ƙashin. "Waɗanga fa?"

"Sakiya ce, Inna." Najiba ta miƙe ta mai da rigarta. "Ina shekara goma sha uku abin ya fara. An ce iska ce ta zauna mini, an yi turare, an yi yanka. An ce tallar ruwa ce. An kai ni wurin mai ɗori ya taka bayana har na suma. Daga baya aka gasa ƙarfe aka ɗosa mini. Ba da mugunta sunka yi ba, iyakar saninsu ke nan."

Ta zauna, ta ci gaba. "Sai da na tahi Tawa karatun malanta wani lokotoro ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, radiyo. Ya ce sunan abin sikoliyoz. Ƙashin baya ne ke karkata gefe yana ɗan murɗewa, shi ya sa haƙarƙari ke tasowa. Ya ce mafi yawa ba a san dalilinsa ba, yana fitowa ne lokacin da yaro ke saurin tsawo, kuma ya fi tsananta ga 'yan mata. Ba iska ba ce, ba ɗaukar kaya ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani. Ya bambanta da tarin da ke cin ƙashi, mai zuwa da zazzaɓi da rama."

"Shina miki ciwo?"

"In na daɗe tsaye gaban allo, i. Akwai motsa jiki da sunka koya mini, ina yi safe da marece."

"Haihuwa fa?"

Najiba ta ɗan sunkuyar da kai don kunya, amma ta amsa. "Na tambaya. Sun ce irin nawa ba ya hana ciki, ba ya hana haihuwa. Mata da yawa masu shi sun haihu da kansu. Sai dai in riƙa zuwa awo. Sauran yana hannun Allah, kamar na kowace mace."

Abin da Hajiya ba ta so ba shi ke faruwa, yarinyar tana shiga ranta. Ta tattaro sauran ƙarfinta ta jefa tambayar ƙarshe.

"Ana gadonsa?"

Najiba ta san amsar da za ta gyara mata komai. Kalma ɗaya ce, a'a. Ta haɗiye ta.

"Wani lokaci yana bin jini, Inna. Ba dole ba ne, amma ba zan rantse miki cewa ba zai fito ga ɗiyana ba."

Fuskar Hajiya ta sauya. Ta ce da jikarta, "Ke Ikram, ɗauko mini takalmina, mu tahi."

Yarinyar ta tashi ta sunkuya a bakin ƙofa. Hijabinta ya zame gaba, rigar ta lafe a bayanta. Hasken rana ya sauka daidai wurin.

Najiba ta ƙura ido. Gefen dama na bayan yarinyar ya taso fiye da na hagu. Kaɗan ne, amma ita ta san wannan tudun kamar yadda ta san tafin hannunta.

Zuciyarta ta ce, yi shiru. Matar nan ta kusa saukowa, in kin yi magana kin rasa Tasi'u.

Ta dubi siraran ƙafafun yarinyar, zanenta ya ɗage don tsawon da take yi.

"Inna," in ji Najiba, "ki gafarce ni. Ki kai Ikram a yi mata radiyon baya. Kada a jima."

Hajiya ta juyo.

"Mi kika ce?"

"Na ga alama lokacin da ta duƙa. Ƙila ba komai ba ne. Amma in shi ne, yanzu ne ake iya tare shi, tun ƙashinta bai..."

"Rufe mini baki!" Hajiya ta miƙe, ta fizgo Ikram ta rungume. "Bakinki ya sari dutse! Na tako har gidanku don mutunci, shi ne za ki jefi jikata da mugun baki? Don ke kin karkace, so kike kowa ya karkace? Wallahi ko mata sun ƙare duniya!"

Ta ja yarinyar suka fice, takalmi a hannu.

Goggo Altine ta tafa hannu. "To, madalla. Kin huta, kin hutar da mu."

* * *

Bayan la'asar wayar Najiba ta yi ƙara. Tana zaune bayan ɗaki kusa da turken awaki. Ta daɗe tana kallon sunan kafin ta ɗauka.

"Najiba, mi kika yi mini?" Muryar Tasi'u kamar ba tasa ba. "Mi ya kai ki? Ta dawo tana kuka, ta kulle kanta ɗaki. Na rantse mata in ta ce a'a na bari. Kin san na rantse!"

"Na sani."

"To don mi? Da kin yi shiru har a ɗaura, daga baya mu kai yarinyar tare. Wata nawa ne?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Tasi'u, wata nawa kake gani Inna za ta ɗauka kafin ta yarda? Damina ta wuce, a yi girbi, a sayar da albasa. Ikram tana cikin tsawo yanzu. A irin wanga lokaci abin ke gudu. Ni cikin shekara guda nawa ya tashi daga abin da ba a gani zuwa abin da ake nuna ni da baki a rijiya."

"Amma mu fa? Ba ki tuna da mu ba?"

"Da kai na fara tunawa, wallahi da kai. Har na kama bakina." Ta ja numfashi, kukan ya ci ƙarfinta. "Ka san abin da lokotoro ya ce mini a Tawa? Ya ɗaga hoton ya ce, da an kawo ki kina ƙarama, da mun sa miki korse, wata rigar roba mai tauri da ke riƙe baya har yaro ya gama girma. Ba ta miƙar da shi sarai, amma sau da yawa tana hana shi ƙaruwa. Ya ce yanzu ƙashinki ya ƙosa, lokacin ya wuce. Na fito na zauna bakin titi na yi kuka kamar ranar da uwata ta rasu. Mutane nawa sunka ga bayana ina ƙarama? Babu wanda ya san abin da zai faɗa. Ni na sani, Tasi'u. In na sani na yi shiru don in samu miji, da wane ido zan dubi yarinyar nan in tana kawo mini ruwa a gidanka?"

Tana jin shessheƙarsa.

"Ban taɓa son ki kamar yau ba," ya ce da ƙyar. "Kuma yau ne na rasa ki."

"Ka bi umarnin mahaifiyarka. Amma ka roƙe ta ta duba bayan Ikram. Ko ba za ta sake jin sunana ba, ta duba."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a gwiwa.

* * *

Labari bai kwana ba ya zaga Tama. Kafin mako ya juyo, Halidu ɗan Goggo Altine ya fara zarya gidan. Bai daɗe da dawowa daga Aljeriya ba, da sabuwar moto mai ƙafa biyu da agogo mai ƙyalli. Ya same ta tana gyaran takardun 'yan kilas ɗinta a zaure.

"Ƙanwata, kin ga abin da nake gaya miki? Bare ba ya iya ɗaukar lalurarki. Ni na ji, na gani, zan rufa miki asiri. Ko ba ki haihu ba babu komai, sai in ƙaro wata. Aikin lakwal ma ki aje shi, ki zauna ɗaki, ba mai sake kallonki balle ya yi miki dariya."

Najiba ta rufe biron da ke hannunta.

"Na gode, yaya Halidu. Amma wane asiri ne nawa ya tonu da za ka rufa? Ban yi sata ba, ban yi abin kunya ba. Yara sittin ke kallon bayana kullum in ina rubutu a allo, kuma suna koyon karatu."

"Girman kai ke nan. Wa kike gani zai zo bayan ni?"

"Ƙila babu kowa. Amma ba ni son a aure ni sadaka."

Ya tashi a fusace, ya tayar da moto har ƙura ta cika zauren.

Da magariba Malam Tsoho ya kira ta. Dattijo ne mai ƙarancin magana, duk rayuwarsa tsakanin gonar hatsi da garkar albasa ya yi ta.

"Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "goggonki ta tsaya mini a wuya. Ta ce ranar Alhamis manyan Halidu za su kawo goro. Ba ni tilasta ki, ban taɓa ba. Amma ni ba yaro ba ne. Ina so in ga kina da inuwa kafin in kwanta dama. In mutanen Madawa sun janye, ki yi tunani."

Ta dubi hannayensa da suka tsattsage saboda aiki. Wannan mutumin ya sayar da sansa na noma guda don ya kai ta karatu lokacin da dangi ke cewa asara ce.

"Baba, zan yi tunani," ta ce. A daren ba ta iya cin tuwo ba.

* * *

Ranar Laraba ana tsakiyar darasi wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Madam, wata tsohuwa na kiranki waje."

Najiba ta leƙa. Hajiya Mairamu ce tsaye ƙarƙashin itacen bedin da ke filin lakwal, ita kaɗai. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Najiba ta ƙarasa za ta durƙusa, Hajiya ta riƙe hannunta.

"Bari. Ni ya kamata in durƙusa."

"Haba Inna..."

"Saurara in faɗa, tun ban fasa ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Na sani. Tun bara na sani. Ina mata wanka na ga allon kafaɗarta guda ya fito. Na ce rashin zama daidai ne, na dinga dukanta in ta karkace. Na ɗinka mata manyan hijabai. Na sayi rubutu, na sayi turare, a ɓoye. Da Tasi'u ya zo mini da zancenki, ji na yi kamar abin da nake ɓoyewa ne ya biyo ni har gida. Na ce in kin shigo, mutane za su dube ki, su dubi Ikram, su gane."

Kuka ya kece mata. "Shekaranjiya na sa ta duƙa kamar yadda kika yi. Na gani. Ya fi na bara. Amana ce ubanta ya bar mini, mi zan ce mishi? Ni da nake tambayarki gado, ashe abin yana cikin ɗakina."

Najiba ta kama hannayenta biyu. "Inna, ba laifinki ba ne, ba laifin kowa ba ne. Kuma ba a makara ba in Allah ya so. Ta fara al'ada?"

"Ba ta fara ba."

"To da sauran girma a gabanta, shi ya sa ake sauri. Za su yi radiyo su auna karkatar. In kaɗan ce, za su ce a riƙa dawowa ana dubawa. In ta kai, za su yi maganar korse, ƙila su tura ku Yamai. Aiki sai wanda ya yi tsanani ƙwarai ake yi wa. Su za su faɗa, ba ni ba."

"Ni ban san Tawa ba, ban jin Faransanci. Ikram kuma tun ranar nan kuka take, ta ce ƙarfe za a gasa mata." Hajiya ta kau da kai. "Ban da bakin roƙonki bayan abin da na gaya miki. Kuma kada ki ɗauka na zo da zancen aure ne. Ban ce na yarda ba."

"Ban tambaya ba, Inna. Bari in ga diraktan lakwal ya ba ni izini. Gobe da sassafe ina tashar Madawa."

Sai bayan ta faɗa ta tuna gobe ce Alhamis.

* * *

Malam Tsoho bai hana ta ba. Ya ce kawai, "Ki bar wayarki a buɗe."

Da sassafe Najiba ta iske su a tasha, Ikram ta ƙanƙame jakar kakarta, idanunta sun kumbura. Najiba ta durƙusa daidai tsawonta.

"Kin ji tsoro?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Radiyo ba ya zafi. Tsayawa za ki yi jikin wani allo, a ce ki riƙe numfashi, shi ke nan. Babu wuta, babu ƙarfe. Ina nan bakin ƙofa."

"Ni ma zan zama kamar ke?"

"In an yi sa'a naki ba zai kai nawa ba. In ma ya kai, kin gan ni. Ina gudu, ina daka, ina hawan moto, kuma duk Tama babu mai kai ni iya kitso."

Ikram ta yi ɗan murmushi, na farko a ranar.

Ɗan kamasho, wani ƙato mai jan rawani, ya zo yana tsara fasinja. Ya dubi Najiba sama da ƙasa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ke mai doro, wuce can baya kusa da buhunan, kin fi dacewa da lungu."

Wasu suka yi dariya. Najiba ta saba, ta ɗauki jakarta za ta wuce. Sai ta ji an damƙe mata hannu.

"Kai!" Muryar Hajiya Mairamu ta tsaga tashar. "Wa kake kira mai doro? Kai da ka miƙe sak, mi ka tsinana wa duniya ban da ihu a tasha? Wagga da kake gani malama ce, ta fi ka amfani ko tana kwance. Gaba za ta zauna, kusa da taga. Matar ɗana ce!"

Ɗan kamasho ya sosa ƙeya ya buɗe ƙofar gaba.

Hajiya da kanta ta tsaya baki buɗe, kamar wani ne ya yi maganar da bakinta. Najiba ta kasa ɗaga ido, hawaye na ɗiga kan hijabinta.

Daidai nan wayarta ta yi ƙara. Baba ne.

"Uwata, ga manyan Halidu sun iso, suna zaure da goronsu. Goggonki na tsaye kaina. Mi zan ce musu?"

Kafin Najiba ta amsa, Hajiya, wadda ta ji komai, ta miƙo hannu ta karɓe wayar, ta kanga a kunne.

"Salamu alaikum, Malam. Mairamu ce, uwar Tasi'u, daga Madawa." Ta gyara mayafinta. "Ka ba baƙinka ruwa su sha, ka sallame su da mutunci. Amma don Allah kada ka taɓa goron kowa. Namu na bisa hanya."